Yadda Ɗanbarau Ya Rasa Ƙanzo

Dalilin da ya sa murhu yake da duwatsu uku... Ke Lantana, cire hannunki daga tukunyar nan ki saurara!

A da can, duwatsun murhu huɗu ne. To duk yadda aka jera su, sai ɗaya ya gaza tsawo, tukunya ta yi ta rawa. Saboda haka in mace za ta tuƙa tuwo, dole mijinta ya tsuguna ya riƙe mata wuyan tukunya da tsumma. Ladansa kuwa ƙanzo, nasa ne shi kaɗai.

Akwai wani Ɗanbarau, mijin Tabawa. Wannan bawan Allah, a kan ƙanzo sai ya ɓata da kowa. Hayaƙi na sa shi hawaye, shi kuwa yawu yake haɗiya.

Ran nan yana tsugune ba riga, Tabawa na juya muciya, sai ga sallamar surukarsa, uwar Tabawa, a bakin ƙofa. Wayyo kunya! Suruka ta gan shi tumbi a waje? Ya saki tukunya ya zabura, ƙafarsa ta yi fatali da dutse ɗaya, ya haura danga.

Tabawa ta ɗora hannu a ka: "Na shiga uku, tuwona!"

Ina! Tukunya ta zauna daram. Ta tuƙa, ko motsi ba ta yi ba. Ashe in duwatsu uku ne, ko wani ya fi wani tsawo, kowanne sai ya taɓa gindin tukunya. Na huɗun ne ɗan rigima.

Da baƙuwa ta tafi, sai ga gogan naku ya lallaɓo, rungume da dutsen.

"Tabawa, bari in mayar miki, kada tukunya ta kife."

"Ai ta zauna, maigida. Je ka huta, ka sha hayaƙi da yawa."

"To... ƙanzon fa?"

"Na mai riƙe tukunya ne. Ka riƙe? Yara sun kankare abinsu."

Ɗanbarau ya zauna a kan dutsen, kamar ya yi kuka. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya, kowace mace ta jefar da dutse ɗaya. Mazan gari kuwa suka fita neman Ɗanbarau da sanduna.

Shi ya sa har yau duwatsun murhu uku ne, ƙanzo kuma naku ne. In kun ga babanku yana kewaya madafa bayan an kwashe tuwo, wai wuƙarsa yake nema, ku ɓoye tukunya.