Babi Biyu Suka Rage

Akwai wata yarinya a birnin Madina mai suna Sumaya, 'yar shekara goma sha biyar. A unguwar Al-Aziziya aka haife ta. Iyayenta Hausawan Sudan ne, amma ita in ka yi mata Hausa sai ta amsa maka da Larabci, kamar yawancin yaran da suka tashi a can.

Sumaya mayyar karatu ce. Abin da ya fi tafiya da hankalinta shi ne wasu jerin littattafai da aka fassara zuwa Larabci, labarin wata yarinya 'yar Landan a zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin keken doki da murhun gawayi. Yarinyar ba 'yar sanda ba ce, amma duk laifin da ya gagari manya ita ke tono shi, tana yawo da wata baƙar lema da ba ta rabo da ita.

Har Sumaya ta fara jin kanta ita ma mai bincike ce. Takan ce babu abin da ke wuce idonta a gidan.

A gidan kuwa akwai kakarta ta wajen uba, Hajja Mariyamu. Yanar ido ta rufe mata gani, ƙafa ta ƙi, sai zaman ɗaki. Larabcin kasuwa take ji, na littafi kuwa ko kalma ɗaya. Jikokinta suna kiranta Habboba, yadda mutanen Sudan ke kiran kaka.

Wata rana bayan la'asar tsohuwar ta ji Sumaya tana dariya ita kaɗai.

"Ke ja'ira, ke da wa kike dariya? Da aljanu?"

"Kitab ne, Habboba."

"To ni ba za a san min ba? Zo nan ki juya min shi da Hausa."

Haka abin ya fara. Kullum bayan la'asar Sumaya ta zauna a bakin katifa, ta karanta shafi da Larabci a zuci, ta mayar da shi Hausa. Hausar tata gurguwa ce. In ta maƙale sai kakar ta miƙo mata kalmar, ta haɗa da tsiya: "Ubanki Osman ya yi asara, ya haifi Balarabiya baƙa." Su yi ta dariya.

Sunan yarinyar littafin ya ƙi zama a bakin Hajja Mariyamu, sai ta raɗa mata Mai Lema. Suka gama littafi na ɗaya, suka gama na biyu.

A littafi na uku ne zoben wata uwargida ya ɓace a wani babban gida. Nan take aka ce 'yar aikin gidan ce ta ɗauka, yarinya marainiya mai share toka da ɗaukar gawayi. Aka jawo akwatinta aka zazzage, ba a ga zobe ba, amma duk da haka aka kore ta cikin ruwan sama.

Da Sumaya ta zo wurin nan, sai kakar ta tare ta da tambaya.

"A gaban mutane suka zazzage akwatin?"

"A gaban kowa, Habboba."

"Har da maza?"

"Har da mai tuƙa keken doki."

"Ta yi kuka?"

Sumaya ta duba shafin. "Littafin bai faɗa ba."

"Ba ta yi ba," in ji tsohuwar a hankali. "Ba a nan ake kukan ba. Sai an fita."

Mai binciken da babu abin da ke wuce idonta ba ta ga komai ba. Ta dai juya shafi ta ci gaba.

Daga ranar Hajja Mariyamu ta daina tsiya. Ana idar da la'asar za ka ji ta tana kira: "Sumaya, ina aka kwana da yarinyar nan?" Ba ta ƙara tambayar Mai Lema ba, 'yar aikin kawai take tambaya.

Ita kuwa Sumaya haƙuri ya gagare ta. A motar makaranta ta zauna ta cinye sauran littafin ita kaɗai, ta san yadda aka ƙare. Daga nan zaman fassara ya fara yi mata nauyi. Ga jarrabawa ta matso, ga ƙawarta ta aro mata littafi na huɗu. Babi biyu kacal suka rage ta karanta wa kakar, amma sai ta fara zillewa.

Rannan tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

"'Yar nan, na san kin gama shi. Faɗa min kawai, an gane ba ita ta ɗauka ba?"

Sumaya ta yi dariya. "La', Habboba, mamnu', an hana! Ba a faɗin ƙarshen irin wannan littafi. In na faɗa miki na ɓata labarin gaba ɗaya."

"Ni ba daɗin labarin nake nema ba. E ko a'a za ki ce."

"Ku da ba ku karatu ba za ku gane ba. Akwai ƙa'ida. Bukra zan karanta miki da tsari, ki ji shi yadda aka rubuta."

Tsohuwar ta saki hannun. "To, Allah ya kai mu goben."

Jama'a, kun san goben yaro. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama sati. Sau biyu kakar ta ƙara tambaya, sau biyu aka ce mata bukra. Daga nan ba ta sake tambaya ba, Sumaya ma har ta ji daɗi an bar ta ta huta.

Sati uku bayan haka, ranar wata Alhamis da hantsi, Sumaya na makaranta, numfashin Hajja Mariyamu ya sarƙe. Osman ya kai ta asibiti. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Aka yi mata salla a Masallacin Annabi, maza suka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a.

Sumaya ta yi kuka kamar kowa. Amma kukan gaske yana gaba.

A rana ta uku ta zaman makoki, wata tsohuwa ta yafito ta daga cikin mata. Tasallah ce, aminiyar marigayiya, mai sayar da lalle da carbi a rumfunan Uhudu.

"Ke ce mai littafin?"

"Ni ce, Hajja."

"Ai ni ma ina bin labarin. Kullum kika gama mata sai ta sa a kira ni a waya ta maimaita min. Mun tsaya inda Mai Lema ta je ta samo yarinyar tana kwana a bakin wata kasuwa." Ta gyara mayafi. "Kin san abin da ya sa ta ƙwallafa rai?"

Sumaya ta girgiza kai.

"Shekara arba'in da biyar ke nan. Lokacin muna sabbin zuwa, kakarki tana aikatau a wani gidan masu hali a wajen Al-Awali. Awarwaron zinare ya ɓace. Suka fito da akwatinta tsakar gida, a gaban direba da masu aikin gonar dabino, suka zazzage har kayanta na ciki. Ba su ga komai ba, suka ce ta fita. Ɗakina ta zo da ƙafa. Sai da ta shigo ta rufe ƙofa sannan ta fashe da kuka."

Tasallah ta ci gaba.

"Har ta koma ga Allah babu wanda ya zo ya ce mata, Mariyamu, ke ba ɓarauniya ba ce. Ko ubanki bai san zancen nan ba, ta hana ni faɗa. Da kika fara karanta mata labarin nan sai ta ce min, Tasallah, ni dai ba a wanke ni ba, bari in ji ko ita wannan za a wanke ta."

Tsohuwar ta matso, ta kalli Sumaya da idanu jawur.

"To faɗa min, 'yar nan. An gane?"

A karon farko Sumaya ba ta nemi Larabci ba. Da gurguwar Hausarta ta amsa.

"An gane, Hajja. Ƙanen uwargidan ne ya ɗauka ya sayar. Mai Lema ta tara mutanen gidan duka, ta sa uwargida ta ba yarinyar haƙuri."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa."

Tasallah ta rufe fuska da mayafi. "Allah sarki Mariyamu. Wallahi abin da take son ji ke nan." Can ta ɗago. "Yaushe kika kai wurin? Bayan rasuwar?"

Sumaya ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Ya fi sati uku da na sani."

Tasallah ba ta zage ta ba, ba ta yi mata faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta dai ɗauki carbinta tana ja.

Sumaya ta tashi ta shiga ɗakin kakarta. An naɗe katifar an jingine a bango. Littafin yana nan a kan taga inda ta bar shi, da takardar da ta saka alama a farkon babi biyun da suka rage. Ta rungume shi ta durƙusa.

"E, Habboba," take ta maimaitawa cikin kuka. "E ne. An gane ba ita ba ce."

Darasi: In tsoho ya nace da tambaya, kada ka raina ta don kana ganin ka fi shi ilimi, domin ba ka san ciwon da ke bayanta ba. Kalma ɗaya da za ta sanyaya wa mutum zuciya, faɗa masa yau, kada ka ajiye ta sai gobe. In kana da kaka ko iyaye a raye, je ka zauna da su, sannan ka tura wa wani labarin nan ko shi ma ya tuna da nasa.