Hujin da ke Zuciyar Roko

Akwai wani mai nutso a tsibirinmu da ke gaɓar tekun ƙasar Kuroshiya, sunansa Duje. Shekara talatin yana shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a bayansa yana ciro soso, kamar yadda ubansa ya yi. Ciwon nutso bai taɓa kwantar da shi ba, kuma wannan ne ya kumbura masa kai. A wurinsa duk wanda ciwon ya kama shi ya jawo wa kansa, da gaggawar tasowa daga zurfi.

Ƙaninsa Roko ne abokin aikinsa a jirgi. Mutum ne mai sanyi, mai bin ƙa'ida har ya gundure ka. In agogon nutso ya ce ya dakata minti biyar kafin ya fito, sai ya yi takwas. Duk da haka sau biyu a bazara ɗaya ya fito fatar cikinsa ta yi roɗi-roɗi, kafaɗa na ciwo, ido na gani dishi-dishi.

Duje ya ce sauri ya yi yake ɓoyewa. Maganar ta kai wurin shan kofi a bakin tashar jiragen ruwa, tsofaffi suka yi ta tsokanar Roko wai kifi ne ya koro shi. Ya rantse har ya gaji, daga baya ya daina.

To mutanenmu suna da wata al'ada tun ta kakanni. Wanda ya fito daga ruwa jikinsa ba daɗi, sai a miƙa masa igiyar anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, ya ja, wai zufa ce ke fitar da muguwar iska. Duje ya riƙe wannan gam, don shi abin da ubansa bai yi ba ƙarya ne.

A ƙarshen kakar aiki, duk sun jigata, Roko ya fito daga ruwa ya zube a jirgi.

"Yaya, yau dai ka ja min angar. Jikin nan ba nawa ba ne."

"Tashi, ɗan gata. Na girme ka da shekara tara ban yi raki ba. Ja ka yi zufa."

Roko ya tashi, ya danne numfashi, ya yunƙura da dukkan ƙarfinsa. Anga ba ta kai sama ba ya zame ya zauna, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Kwana tara ana sa shi a ɗakin matsin iska, inda ake jinyar ciwon nutso, a asibitin birni. Bayan an yi masa hoton zuciya, likitar da ke duba shi ta kira Duje gefe. Ta ce ƙaninsa da ɗan huji aka haife shi tsakanin ɓangarorin zuciya biyu. Mutane da yawa suna da shi har su tsufa ba su sani ba. Amma mai nutso yakan fito da ƙananan kumfa a jini, waɗanda huhu ke tacewa. In akwai hujin, sai kumfar ta bi ta nan ta wuce ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, kuma yunƙuri irin na ɗaga kaya mai nauyi yana buɗe shi.

Duje ya tambaye ta da Roko bai ja angar ba fa. Ta ce ba za ta rantse ba, amma jan bai taimake shi ba. Ta ƙara da cewa ta duba bayanan watanni uku da agogon nutson Roko ya adana, bai karya ƙa'ida ko sau ɗaya ba.

Roko ya dawo gida da sanda, yana jan ƙafar hagu. Nutso kuma ya ƙare masa. Sai da Duje ya yi mako biyu yana kewaye gidan kafin ya iya shiga. Ya zauna a bakin gado, kunya da baƙin ciki suka cika shi.

Roko ne ya fara magana, a hankali.

"Ba na fushi, Yaya, ƙarfin fushin ma babu. Ƙafar ba ita ta fi damuna ba. Wata uku ina faɗa maka gaskiya, sai da na'ura ta faɗa ka yarda."

Duje ya sunkuyar da kai.

Darasi: Lafiyarka ba ita ce ma'aunin jikin wani ba. In ɗan'uwanka ya ce yana ciwo, ka yarda da shi ka kai shi a duba, kada ka jira hujja ta zo bayan an yi asara. Ku tura wa wasu, musamman masu cewa kowa raki yake yi.