Wanzamin da Aka Gani a Layin Asibiti

An yi wani mutum, wani bawan Allah wanzami, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinku, kafin la'asar kun gano gidan. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Zabirarsa ce kawai da tabarma a gindin ɗorawa, bakin kasuwa. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ake kira askin suna, kuma kamar sauran wanzamai yakan haɗa ɗan sassaƙen maganin maza.

A garin akwai wani magini, Shekarau, wanda ciwon damuwa ya taɓa kwantarwa. Ku saurara, ban ce hauka ba, ban ce aljanu ba. Ciwo ne kamar kowane ciwo. Ya daina ci, ya daina fita, ya juya wa bango fuska, har ya fara cewa da ma bai wayi gari ba. Matarsa ce ta lallaɓa shi a ɓoye ta kai shi asibiti a birni, aka ɗora shi kan magani. Allah Ya ba shi sauƙi, ya koma kan gininsa.

To amma maganin ya zo da nasa. Sha'awa ta ja baya, in ma ya kusanci iyalinsa sai a gaji ba a kai ga biyan buƙata ba. Kada wani ya sunkuyar da kai, dukkanmu magidanta ne. Irin wannan magani yakan yi wa wasu haka, maza da mata. Matar ba ta taɓa yi masa gori ba, shi ne abin ya ci masa rai.

Ran nan ya je aski, ya jira kowa ya watse, ya faɗa wa Nomau komai. Ya ce a haɗa masa sassaƙe, ƙwayoyin nan kuwa yau zai zuba su a masai.

Nomau ya ajiye aska ya ce, "Ɗana, ba ni da maganin wannan. In ka zubar da su, bangon nan za ka koma kallo. Wanda ya ɗora ka a kai, shi za mu koma wa."

Shekarau ya ce shi bakinsa ba zai iya furta wannan a gaban likita ba, kuma yana tsoron a gan shi a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Nomau ya ce wanzami ai ya daɗe da sallamar irin wannan kunya, shi zai zama bakinsa.

Suka tafi. Nomau ya zauna a layi yana riƙe masa wuri, Shekarau ya raɓe bayan wata bishiya har aka zo kansu. Nomau ya yi bayani tiryan-tiryan. Likita bai yi mamaki ba, ya ce abu ne sananne, kuma gara da bai yanke maganin kai tsaye ba, don yin haka na da haɗari. Ya sauya wa Shekarau wani maganin a hankali, ya ce a yi haƙuri, sauƙin ba rana ɗaya yake zuwa ba.

Ashe wani ɗan garin ya hango Nomau a layin. Bai yi masa sallama ba, bai tambaye shi lafiya ba. Ya kwaso labari da gudu kamar an aike shi. Kafin su dawo, gari ya ɗauka: wanzami ya taɓu.

Jama'a, wa zai miƙa wuyansa ga askar wanda aka ce ya taɓu? Tabarma ta bushe. Askin suna ya koma hannun wani. Mutanen da Nomau ya yi wa 'ya'yansu kaciya, su ne suka riƙa kewaye ɗorawar nan. Ba wanda ya ga ya yi wani abin hauka, ba wanda ya tambaya. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai.

Mai unguwa ya kira Nomau ya ce ya faɗi gaskiya, me ya kai shi wurin? Kalma ɗaya za ta wanke shi, kalma ɗaya. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, lalura ce ta kai ni." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara komai ba.

Da Shekarau ya ga haka, ya kasa jurewa. Ranar kasuwa ya zo ya zauna a tabarmar, ya ɗaga murya ya ce jama'a su matso, yana da magana. Nomau ya jiƙa masa haɓa, ya ɗora aska, ya ce a hankali, "Yi shiru, aska na kan maƙogwaronka. In ka faɗa, bakinsu zai sa ka bar maganin, na san su. Ni masu aski na rasa. Kai kuwa, kai za mu rasa."

Shekarau ya fasa maganar, hawaye na gangarowa cikin ruwan askin.

Kuna jiran in ce mutane sun dawo? Kaɗan ne suka dawo. Da sunan nan Nomau ya tsufa, da shi ya rasu. Shekarau kuwa ya ci gaba da maganinsa, ya samu lafiya, gidansa ya daidaita. Ranar da aka binne Nomau, Shekarau ya miƙe a maƙabarta ya faɗi komai, a gaban waɗanda suka guje shi. Ba wanda ya iya ɗaga ido.

To ku ji ni da kyau. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa. Kai da kake shan irin wannan magani, in ya taɓa maka shimfiɗa, kada ka zubar, koma ka faɗa wa likita. Ku kuma da kuka ji an ce yana jinkirta saurin kawowa, kuke saye a kemis kuna haɗiya ba da izinin likita ba, ku ji tsoron Allah da jikinku. Sannan kai mai hangen layin asibiti ka dawo majalisa da labari, ka sani akwai wanda yake zaune kusa da kai yanzu, da ƙwayarsa a aljihu, yana sauraron abin da za ka ce kafin ya yanke ko zai sha ta gobe. Allah Ya tsare mu da zama sanadin halakar ɗan'uwa.