Sulhun Lakile a Filin Kanwa

Akwai wani mai walda a Gure, sunansa Tahiru, wanda ya kwashe shekara huɗu yana haɗa mota da hannunsa. Ba gyara nake nufi ba, haɗawa tun daga tushe. Injin ya ciro shi ne daga wata tsohuwar Fijo da ta mutu a bayan tasha, gangar jikin kuwa bututun ƙarfe ne ya bi ya lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Kujera biyu, babu rufi, fenti ruwan ganye. In ya tashe ta da safe, duk unguwa sai ta san Tahiru zai fita.

To a Damagaram akwai ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, su goma sha ɗaya. Yawancinsu daga waje ake aiko musu da motar a akwatuna, gunduwa-gunduwa, da littafinta, su zauna su ɗaure da kansu. Duk Asabar ta ƙarshen wata sai su yi ayari su nufi wani gari, su ci nama, su yi tsere in sun sami fili. Shugabansu wani dattijo ne, Alhaji Burahima, tsohon direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mutumin da ba ya son hayaniya.

Ranar da aka karɓi Tahiru cikinsu, tun asuba ya kama hanyar Damagaram, zuciyarsa fari ƙal. Abu ɗaya yake so a duniya: waɗanda suka san mota su dubi tasa, su ce wannan mota ce.

Sai ga Fadilu.

Fadilu ɗan kasuwa ne, mai wata jar mota mai ƙyalli, kuma Allah ya ba shi baki mai kaifi. Ana jera motoci za a ɗauki hoto, ya zagaya ta Tahiru sau biyu, ya ƙwanƙwasa bututun da yatsa.

"Wa ya kawo amalanke cikin sahu? Malam, ja da shi baya, kar ya ɓata mana hoto."

Aka yi dariya. Tahiru ma ya yi yaƙe, ya ja motarsa baya. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Fadilu ya ɗauki bidiyonta tana ja da baya, ya ɗora kukan jaki a kai, ya watsa. Kafin Tahiru ya koma gida bidiyon ya riga shi isa Gure. Mai shayin bakin garejinsa ne ya fara tarbarsa: "Maigida, an ba jakin ruwa kuwa?"

Jama'a, wata uku Tahiru yana haɗiyar wannan abu. Amma in yana saran ƙarfe, fuskar Fadilu yake gani, kuma ya kalli bidiyon nan ya fi sau ɗari, don kar fushin ya huce. Ya rantse a ransa sai ya ga jar motar nan a wulaƙance, sai shi ma ya ɗauki nasa bidiyon.

Da kaka ta yi, sai layi ya zo kan Gure. A tsarin ƙungiyar, mai masauki ne ke zaɓen filin tsere, kuma maganarsa ita ce magana, tunda shi ya san ƙasarsa.

Ran Laraba Tahiru ya nufi wani kwari a kudu da Gidigir. Wanda ya san kwarurrukan nan ya san yadda suke: tudun yashi kewaye, dabino da rogo da rake a gefe, a tsakiya kuma fili fari fat na kanwa, shimfiɗe kamar an yi masa daɓe. Ya tarar da wani tsoho mai lambu, Baba Usmanu, yana ban ruwa. Suka gaisa.

"Baba, filin nan yana ɗaukar mota?"

Tsohon ya ajiye gugarsa. "Baki-baki yana ɗauka. Amma ka ga kututturen gorubar can? Daga nan zuwa tsakiya ɓawo ne kawai, kaurinsa bai fi yatsa biyu ba, ƙarƙashi baƙin taɓo ne. Satin jiya ya haɗiye mana wani sa har ƙirji, a nan muka yanka shi. Kar ka kuskura, ɗana."

"Na gode, Baba. Ba zan kuskura ba."

Wallahi da murmushi ya hau tudu. Ya san halin Fadilu sarai: ba ya yarda kowa ya riga shi shiga fili, kullum shi ne na farko, kuma tsakiya yake bi don a gan shi. Tahiru ya ce wa kansa babu wanda zai ji ciwo, mota ce kawai za ta nutse har ƙofa. Haka mai ƙullin zuciya yake lallashin kansa.

Asabar ta zo. Ayari ya iso da hantsi, mota goma sha ɗaya da wata a-kori-kura mai ɗauke da abinci da esansi, wato man fetur. Da suka leƙo daga kan tudu suka ga farin filin nan, sai ihu da tafi. Tahiru ya sauka da motarsa, ya bi baki-baki ya dawo, ƙasa ko gezau.

Alhaji Burahima ya taka filin da dunduniya, ya dube shi. "Tahiru, an yi ruwa bana. Ka tabbata har tsakiya?"

"Kamar siminti, Alhaji."

"Ka bi da kanka?"

"Na bi, Alhaji. Jiya-jiya."

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dabino, aka ci gasasshen rago, aka yi azahar. Tahiru ya duba cajin wayarsa sau uku. Fadilu na can yana goge gilashin idonsa, yana cewa yau zai nuna wa mutanen gabas yadda ake gudu.

Sai Alhaji Burahima ya yi gyaran murya.

"Kafin a fara, akwai magana. Fadilu, abin da ka yi wa Tahiru ya daɗe yana damuna. Yau ga mu a ƙasarsa, mun ci abincinsa. A ƙungiyar nan ba mu yin sulhu da baki kawai, sulhun lakile muke yi, wato na makullin mota. Wanda ya yi laifi ya miƙa lakilen motarsa ga wanda ya ɓata wa, shi kuma ya shiga motar da ya raina, ya buɗe fili da ita a gaban kowa. Ku yi musaya."

Tahiru sabo ne, bai taɓa jin wannan al'ada ba.

"Alhaji, ai ya wuce. Ba sai an yi ba."

"Sai an yi."

"Birkinta ba shi da kyau sosai..."

Wani daga baya ya ce, "Haba Tahiru, yanzu muka ga ka sauko da ita daga tudu!"

Fadilu ya taso yana jan ƙafa, fuska ba yabo ba fallasa. Ya ce da ƙarfi, don Alhaji ya ji, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, na yi kuskure." Ya danƙa wa Tahiru lakilen jar motar, ya karɓi nasa.

A nan fa Tahiru ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Na rantse muku ya buɗe. Shekara huɗu na guminsa ne za a kai tsakiyar taɓo, kuma kalma biyu ta isa ta tsayar da komai. Kunya ce kawai zai sha.

Amma Fadilu bai iya barin halinsa ba. Yana wucewa ya sunkuyo daidai kunnen Tahiru, ya ce a hankali, "Bari mu gani ko jakin zai tashi."

Tahiru ya rufe bakinsa.

Ya ce a ransa: je ka. Ko da tawa ce, je ka. In dai zan ga ka fito kana rarrafe cikin taɓo, na yafe motar. Ya ciro wayarsa, ya kunna bidiyo.

Fadilu ya tada inji. Motar ta yi gurnani, ta zabura. Kai, ta yi gudu! Farar ƙura ta tashi a bayanta, 'yan ƙungiya suka miƙe tsaye suna ihu. Ta wuce kututturen goruba kamar ba ta gan shi ba.

Abin da Tahiru bai lissafa ba shi ne gudun. Sa yana tafiya ne a hankali ya nutse. Mota mai gudu ba ta nutsewa a hankali. Ɓawon ya fashe a ƙarƙashin tayoyin gaba, hancin motar ya cake, bayanta ya ɗaga sama, ta juya ta faɗi a kan gefenta. Baƙin taɓo ya fantsama. Inji ya mutu.

Ba zan ɓoye muku ba, a daƙiƙar farko Tahiru ya ji daɗi. Daɗi sosai, har cikin ƙashinsa. Sai ihun Fadilu ya iso, irin ihun da babba ba ya yi sai abin ya kai, daɗin ya tsere ya bar shi da wayar a hannu.

Mutane suka ruga, suna zuwa kututturen suka fara nutsewa har cinya. Masu lambu ne suka kawo ɗauki, da azara da ganyen dabino, suna shimfiɗawa suna takawa. An fi awa ɗaya kafin a ɗaga motar a zaro Fadilu. Ƙafarsa ta dama bututu ya danne ta, ta karye wuri biyu.

Ana ɗora shi a bayan a-kori-kura, Baba Usmanu ya juyo, taɓo har gemunsa, ya ga Tahiru.

"Kai! Ba kai ne ka zo ran Laraba ba? Ban ce maka ya haɗiye mana sa ba? Ban nuna maka kututturen ba? Subhanallahi! Ka sani ka turo ɗan mutane?"

Babu wanda ya zagi Tahiru, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Alhaji Burahima ya tako a hankali, ya dubi wayar da ke hannunsa, har lokacin tana ɗauka. Ya miƙa tafin hannu.

"Ba ni lakilen mutane."

Tahiru ya ba shi. Ayari ya hau tudu ya tafi, ya bar shi tsaye a bakin fili.

Sai bayan kwana takwas aka iya jawo motar da igiyoyi. Kanwa ta shiga injin ta cinye shi, fentin ya ɗaye, bututun gaba sun lanƙwashe. Ya rufe ta da tamfol a bayan gareji. A Gure kuwa an daina yi masa barkwancin jaki. Mai shayi ma sai ya ajiye masa kofi ya juya, ba magana.

A kwana na goma sha biyu ya kasa jurewa, ya hau motar haya zuwa Damagaram. Ya tarar da Fadilu a gadon asibiti, ya rame, ƙafar a ɗaure da ƙarafa. Likita ya riga ya gaya masa zai taka, amma da ɗingishi har abada, kuma ƙafar ba za ta ƙara danna totur yadda yake so ba.

Tahiru ya yi sallama, ya tsaya daga bakin gado. Fadilu ya dube shi.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Kuma motarka ce. Ka bar ni na tafi."

"Na bar ka."

Fadilu ya kawar da kai wajen taga. "Ni bakina ne ya yi maka laifi, ban musa ba. Na wulaƙanta ka, kuma ko a ranar ban daina ba. Amma ƙarfe na zaga, Tahiru. Kai ƙafata ka ɗauka."

Tahiru ya roƙe shi ya yafe masa don Allah.

"Yafiya sai na ga yadda zuciyata ta yi, ba yau ba. Amma akwai abin da zan gaya maka, don yana damuna." Ya ja numfashi. "Daga inda na tashi zuwa kututturen nan, ban taɓa riƙe sitiyari mai biyayya irin nata ba. Tawa da aka aiko daga waje ba ta kama ƙafarta ba. Ina cikin gudun nake cewa a raina, in na juyo zan tsaya gaban Alhaji da kowa, in ce wannan mutumin ya fi mu duka, mu littafi muka bi, shi da kansa ya yi. Saura kaɗan in juyo."

Tahiru ya dafa ƙarfen gadon, ya durƙusa a wurin, ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa.

Darasi: Wulaƙanci yana da zafi, kuma mai raina aikin hannun wani ya ji tsoron Allah, don bai san irin wutar da yake kunnawa ba. Amma ramuwa ba ta tsayawa inda ka auna mata. Tahiru ya so ya ɓata mota ɗaya, sai ya rasa tasa, ya rasa mutuncinsa, ya nakasa mutum, ya kuma rasa yabon da ya yi shekara huɗu yana nema, saura kaɗan ya shigo hannunsa. In an ɓata maka, faɗa a fili ko ka bar wa Allah, kuma kar ka taɓa yin shiru a kan haɗarin da ka sani don ka huce haushi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake riƙe da wani a zuciya yau, wannan ya sa ya sauke.