Gyaran da Wendell bai kai ga turawa ba

Akwai wani mutum a garinmu na Thunder Bay mai suna Wendell Koskinen. Mijina ne, shekara talatin da huɗu muna tare. Na saba kawo muku labaran wasu a wannan shafi, yau na gidana zan ba ku.

Wendell ya yi aiki a masana'antar takarda har ya yi ritaya, kuma shi ya koya wa kansa rubuta manhaja. Ni kuwa girki nake yi a makarantar firamare, karatuna bai wuce sakandare ba.

Akwai wata manhaja da masu rubuta manhaja irinsa ke ajiye tarihin aikinsu a ciki: wa ya canza me, kuma yaushe. Ba ta da hotuna, umarni ake rubuta mata a baƙin allo. Kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke gina ta, kowa daga gidansa.

Da ciwon suga ya cinye masa ido, sai ya koma amfani da muryar kwamfuta, tana karanta masa abin da ke kan allo. A nan matsalar ta fito. Idan ka nemi tarihi, manhajar zana shi take yi kamar rassan bishiya, da sanduna da taurari. Mai ido kallo ɗaya zai yi ya gane. Muryar kuwa sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya: sanda, sanda, tauraro, karkatacciyar sanda.

Ina daga kicin nakan ce masa, "Tsoho, wannan budurwar taka ba ta gajiya da ƙirga itace?"

Yakan ce in bar shi, ita dai ba ta yi masa gori a kan gishiri.

Daga baya ya ce zai gyara abin da kansa. Wata biyu ya yi yana lalube, ya rubuta gyaran da zai sa tarihin ya fito a jimloli, babu zane. Ya tura wa zauren masu manhajar na intanet, inda suke musayar wasiƙu.

Mai duba irin wannan gyara wani ne Desmond Varga, daga Ohio. Ya san aiki, amma bakinsa ba linzami. Ya mayar da gyaran, ya ce Wendell ya canza yadda tarihin ke fitowa ga kowa da kowa, alhali dubban mutane sun gina ayyukansu a kan tsohon tsarin, duk za su lalace. Ya ce ko ɗan koyo ya san wannan.

Na ji haushi. Wendell kuwa ya ce mutumin ya yi gaskiya, ladabi ne kawai ba shi da shi.

Ya sake aikin, ya mai da shi zaɓi: 'yar kalma ce za ka ƙara a ƙarshen umarnin, wanda bai ƙara ba ba abin da ya canza masa. Desmond ya sake mayarwa. Ya ce babu gwaji, babu bayani a littafin jagora, kuma shi bai ga wanda zai bukaci wannan ba.

Wendell yana kan gyara na uku zuciyarsa ta tsaya. Ran tara ga Fabrairu ne, da hantsi, na dawo daga share ƙanƙarar ƙofar gida na same shi a kujera.

Ba mu haihu ba. 'Yan coci sun yi mako guda suna kawo abinci, daga nan ƙafa ta ɗauke. Gidan ya yi tsit. Na bar kwamfutarsa a kunne, na kasa kashewa.

Bayan mako bakwai na zauna duba wasiƙunsa, don in rufe abin da ya kamata a rufe. Sai na ga saƙon Desmond. A ka'idarsu, gyaran da ya yi kwana sittin mai shi bai amsa ba rufe shi ake yi. Ya rubuta cewa saura kwana huɗu, ga dai wani ya sake zubar musu da rabin aiki ya gudu don an gaya masa gaskiya.

Na amsa masa. Na rubuta: "Wendell bai gudu ba, ya rasu. Makaho ne, shi ne mai bukatar abin da ka ce ba mai bukata. Ya ce mini ya kusa gamawa. Ban san aikinku ba. Ka gaya mini inda zan danna, kada a rufe."

Na ɗauka mutum ɗaya na rubuta wa. Ashe a wurinsu kowace amsa zauren gaba ɗaya take zuwa, mutum fiye da dubu. Wendell kuma bai taɓa gaya musu cewa ba ya gani ba. Ya ce yana so a auna aikinsa, ba idonsa ba.

Kwana biyu suka wuce. Na uku, ina wanke kofi ɗaya da faranti ɗaya, wasiƙa ta shigo. Desmond ne, yana neman lambar waya.

Na ba shi, ya kira. Muryarsa ta dattijo ce, ban zata ba. Ya ce jiya ya kashe allonsa ya kunna muryar, ya nemi tarihi irin na da. Minti huɗu ya iya jurewa.

"Madam Koskinen, ban san yadda zan ba ki haƙuri ba."

"Ba ni ka zaga ba, Mista Varga. Wanda ka zaga ba ya nan. Saura kwana ɗaya, mu yi abin da ya kawo ka."

Ya riƙa faɗa mini harafi bayan harafi, ina dannawa da yatsa ɗaya. Sau uku ina kuskure. Ya ce kada in damu, na fi rabin mutanen zauren bin umarni. Na ce ai girkin yara ɗari uku ba ya son gardama.

Aikin yana nan a cikin kwamfutar Wendell. Da gwajin, da bayanin littafin jagora, har da layin da mai gyara ke sa sunansa don shaida cewa aikinsa ne. Kwanan watan bakwai ga Fabrairu ne. Turawa kawai ta rage.

Na tura. Desmond ya hau dubawa. Can ya ce wuri ɗaya ne ke da 'yar matsala, shi zai gyara, amma sunan Wendell ne zai zauna a matsayin mai aikin, nasa a ƙasa. Ya tambaya ko zan yarda ya ƙara layin ta'aziyya a sanarwar sabon fitowar manhajar.

Na ce a'a. A sa sunansa a jerin waɗanda suka yi aiki, kamar na kowa.

Kafin mu ajiye waya ya gaya mini shekara goma sha ɗaya yana duba gyare-gyaren mutane daga ɗakin ƙasa na gidansa, kuma ni ce ta farko a zauren nan da ya taɓa jin muryarta. Ya koma zauren ya janye maganarsa a gaban kowa, ya ce daga yau ba zai rufe aikin kowa ba sai ya fara tambayar ko lafiya.

An karɓi gyaran ran Juma'a. A watan Afrilu sanarwa ta fito, suna arba'in da biyu, na Wendell na goma sha tara. Na buga ta a takarda, na karanta a teburin kicin ni kaɗai. Da na gama, na tashi na kashe kwamfutar.

Darasi: Idan mutum ya yi shiru, tambayi lafiyarsa kafin ka yanke masa hukunci. Kuma don kai ba ka bukatar abu, kada ka ce ba mai bukatarsa. Gyara aikin mutum ba ya bukatar wulaƙanta shi, domin ba kullum ake samun wanda za a ba haƙuri a raye ba. Ku tura wa wasu, musamman masu saurin hannu wajen rubuta amsa.