Yadda Sarki Mazadu Ya Ci Ƙasar Farinfaƙo

An yi wani sarki a ƙasar Bulbula, sunansa Mazadu, wanda Allah ya hore wa ruwa da dawakai da zafin zuciya, ya kuma jarrabe shi da maƙwabci mai hali irin nasa, wato Sarki Tunau na Farinfaƙo. A bakin iyakarsu akwai wani makeken fili wanda yake cikin ƙasar Farinfaƙo, amma ƙoramar da ke shayar da shi daga duwatsun Bulbula take gangarowa. Idan ruwa ya kwanta a filin da damina, ya janye da rani, sai kanwa ta taso fara fat, jama'ar ƙasashen biyu su shiga da fatanya da kwanduna, kowa ya ɗebi ta miya, da ta dabbobi, da ta sayar wa fatake.

Wata shekara kanwa ta yi daraja, kwaɗayi ya kama Sarki Tunau. Ya sa dogarai suka kori mahaƙan Bulbula, ya kuma aiko manzo da magana ɗaya tak: "Kanwa ƙasata ce, ba ruwan Bulbula."

Sarki Mazadu ya ji, ya gyara zama, ya ce, "Ya ce ba ruwan Bulbula? To, wallahi, ba ruwan Bulbula!" Ya sa aka datse ƙoramar da duwatsu da kututture.

Damina ta wuce, rani ya shigo, fili ya bushe ƙurmus, ko ƙwayar kanwa ba ta taso ba. Wake ya ƙi nuna a tukunya, ɗanwake ya riƙa watsewa tun kafin a kwashe, dawakai suka rame suna lasar bango. Ruwan da aka tsare kuwa ya koma ya kwanta cikin gonakin Bulbula. Shi kansa Sarki Mazadu kumburin ciki ya kama shi, aka nemi 'yar kanwar da zai lasa aka rasa, fushinsa ya ƙaru daidai da girman cikinsa. Rannan a gaban fadawa ya dafa Alƙur'ani, ya ce, "Na rantse sai na ci ƙasar Farinfaƙo, kuma sai Tunau ya miƙo mini ita da hannunsa!"

To, sarkin nan yana da waziri ana kiransa Cindo, mutum ne mai barkwanci da cika baki, wanda karatunsa bai yi nisa ba, amma yakan ce shi da kansa ya bar makaranta don ya tausaya wa malamin, kada ya ƙure shi a gaban ɗalibai. Mahaifiyarsa 'yar Farinfaƙo ce, kawunnansa da 'ya'yansu duk can suke. Da ya ji rantsuwar, sai dariyar da ba ta rabuwa da fuskarsa ta ɗauke. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, yaƙi ba ya haifar da kanwa. Idan muka tattake filin nan da kofato, muka jiƙa shi da jini, abin da zai taso baɗi ba na miya ba ne."

Madawaki, shugaban mayaƙa, ya kece da dariya, ya ce, "Zaki, a yi wa Waziri uzuri. Mutumin da rabin jininsa kanwa ne, dole ya narke idan ya ji zafi."

Sarki ya ɗaga hannu, fada ta yi tsit. Ya ce, "Waziri, rantsuwa ta riga ta fita, ba kuwa zan yi kaffara Tunau ya ji ya ce na tsorata ba. Idan kana da hikimar da za ta sa in ci ƙasar Farinfaƙo ba tare da takobi ya bar kube ba, kawo ta kafin sabon wata ya tsaya. Idan ka kasa, kai za ka riƙe tuta a gaban runduna, mashinka kuma shi zai fara shiga gidan kawunka."

Waziri ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, ranka ya daɗe. Na warware waɗanda suka fi shi ina cin goro." Haka ya faɗa da baki, amma da ya fito ƙofar fada ko ƙurar dabara babu a kansa.

Ya hau doki ya nufi Farinfaƙo da sunan jakada, ko Allah zai sa Tunau ya sauko. Ya tarar da maƙera na ta dukan masu, ya ga 'ya'yan kawunsa suna gwada sulke, ƙaraminsu ma hular ƙarfen har ta rufe masa ido. Suka gaishe shi da murna, ya amsa yana kau da kai.

Sarki Tunau ya karɓe shi, ya ce, "Ɗanmu, ka zo ne ka gano yawan dawakanmu? Je ka gaya wa mai ƙaton cikin nan, ni ma na dafa Littafi. Na rantse ba zan sauke takobi ba sai na ga Mazadu ya ci ƙasa a gabana, jama'a na kallo!"

Waziri ya juya rantsuwar nan a zuciyarsa, ya ɗauko ta ubangidansa ya jera su gefe da gefe, sai wata dariya ta taso masa tun daga cibiya, ya yi maza ya mai da ita tari. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kawu. Idan na kawo maka shi har filin kanwa, ya ci ƙasa a gabanka ba a harba ko kibiya ba, ka yarda ka amsa mini tambayoyin da zan yi maka a gaban jama'a bisa gaskiya?"

Tunau ya ce, "Na yarda. Ashe dai jinin uwa bai faɗi banza ba."

Waziri ya komo gida ya shaida wa Sarki Mazadu cewa Tunau zai miƙo masa ƙasarsa da hannunsa, bisa sharaɗin shi Mazadu ya amsa tambaya ɗaya. Daga nan ya wuce ɗakin mahaifiyarsa, domin ya san tsohuwa ba ta rasa ajiya. Ya ce, "Inna, curin kanwar nan na bara da kike ɓoye a gindin randa, shi nake so."

Ta ce, "Wace kanwa? Kai da sarkinka kun bar wa mutane kanwa ne?"

Ya ce, "Inna, ko ki ba ni, ko in tafi da mashi gidan ƙaninki."

Ta harare shi, ta tona, ta miƙo masa tana cewa, "Ungo, ɗan nema. Tun kana yaro ba ka taɓa shigowa ɗakin nan ka fita hannu sake ba."

Ranar da aka sa, da hantsi, rundunonin biyu suka tsaya fuska da fuska a busasshen filin, masu na walƙiya. Waziri ya shimfiɗa tabarma a tsakiya, ya ajiye akussa biyu a rufe da faifai, sarakunan suka zauna kowa na hararar ɗan'uwansa.

Ya buɗe akushin farko, busasshiyar ƙura ce ya kwaso daga wurin. Ya dubi Tunau, ya ce, "Allah ya taimaki sarki, ga ƙasarka ta bana, yadda ka nema, ba ruwan Bulbula. A kan wannan za a yi yaƙi?"

Tunau ya ce, "Wa zai yi yaƙi a kan ƙura? A kan kanwa ne."

Waziri ya buɗe na biyu, curin kanwa ya bayyana fari tas. Wani dokin Madawaki ya shaƙi ƙanshinta ya yi haniniya. Waziri ya ce, "Wannan da wancan duk daga fili ɗaya suka fito. Me ya bambanta su?"

Tunau ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ruwa."

"Ruwan wa, ranka ya daɗe? Jama'ar baya ba su ji ba."

Tunau ya ce da ƙarfi, "Ruwan Bulbula, ja'iri!"

Rundunar Bulbula ta ɗauki sowa. Waziri ya juya ga ubangidansa, ya ce, "Zaki, saura kai. Curin nan, ruwanka ne ko ƙasar Farinfaƙo?"

Mazadu ya buɗe baki zai ce ruwansa ne, sai Waziri ya matso ya raɗa masa, "Ka rantse ƙasa za ka ci. Idan wannan ruwa ne, to sai dai mu koma ga akushin farko." Sarki ya dubi ƙurar, ya dubi kanwar, ya ce, "Ƙasarsa ce."

Waziri ya ɗaga murya, ya ce, "To, kawu, miƙa masa da hannunka. Kai kuma, Zaki, bismilla."

Nan fa kowa ya gane inda aka dosa. Madawaki ya dafa ƙotar takobi, ya ce, "Zamba ce! Wasa da harshe ya yi mana!" Fuskar Sarki Mazadu ta haɗe kamar hadarin gabas, Waziri ya tuna yaron nan mai hular ƙarfe. Ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ja zamaninku, ba ni na zaɓi kalmomin rantsuwarku ba, ku kuka furta su, Allah kuma ya sa suka dace da juna kamar tukunya da murfinta. Ɗaya ya rantse zai ci, ɗaya ya rantse zai ga an ci. Ga loma guda da za ta wanke ku duka biyu, ga kuma dubban mazaje da uwayensu ke jira su komo. Zaɓi naku ne."

Tunau ya ɗauki curin ya miƙa. Mazadu ya karɓa, ya jujjuya shi, ya gatsa, ya tauna yana yamutsa fuska, ya haɗiye. Can sai cikin da ya daɗe a kumbure ya motsa, sarki ya saki wata gyatsa wadda har mutanen ƙarshen sahu suka ji. Tunau ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace, Mazadu ya yi ƙoƙarin cijewa ya kasa, ya bi shi.

Mutanen Bulbula suka ɗauka, "Sarkinmu ya ci ƙasar Farinfaƙo!" Na Farinfaƙo suka amsa, "Mazadu ya ci ƙasa a gaban sarkinmu!" Tambura suka tashi ta kowane ɓangare, kowace runduna na bikin nasara, ba a kuwa taɓa jin yaƙin da aka ci shi ta fuska biyu ba sai wannan.

A kan tabarmar nan sarakunan suka ƙulla alkawari: Bulbula ta saki ruwa, Farinfaƙo ta buɗe fili, kanwa kuma a raba ta biyu daidai, tun da ruwa ne ubanta, ƙasa ce uwarta. Madawaki aka ɗora wa aikin fasa madatsar, ya shiga taɓo har ƙugu da mayaƙansa, ruwa ya ɓalle yana ruri ya nufi filin, yara na tsere da shi.

Sarki Mazadu ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, Tunau ya ba shi doki, suka kuma yanke cewa kwandon farko na kanwar kowace shekara nasa ne. Waziri ya yi godiya, ya ce, "Ai tun a fada na faɗa ƙaramin aiki ne." Da rani ya zagayo, fili ya yi fari fat, ya ɗauki kwandon da kansa ya kai ɗakin mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, yau dai na shigo da kaya, zan fita hannu sake."

Haka al'amarin adalci yake: duk arzikin da Allah ya haɗa hannu biyu a kansa, ba ya tasowa sai kowane ya ambaci rabon ɗan'uwansa da bakinsa kafin ya kai hannu ga nasa.