Gwangwani Mai Jan Ƙyalle

Akwai wani akawu mai suna Shu'aibu a unguwar Dutse Uku, cikin Jos. A shekarar 1978 aka ƙara masa girma a wurin aiki, tun daga ranar kuwa kansa ya kumbura, har gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Babu abin da ya tsana kamar madafin mahaifiyarsa, Tabawa. Ita ba ta zubar da komai. Ƙanzon tuwo tana shanyawa, ɓawon lemo na rataye saboda mura, ga ƙasusuwan mayankar Abattoir, ga kwalaben ruwan toka a jere. Ya manta cewa shekarar da aikin kuza ya tsaya, kafin babansa ya koma fawa, kwaɗon ƙanzon nan ne ya raya shi.

Wata Asabar abokan aikinsa za su zo taya shi murna. Ya jira ta tafi gidan maƙwabciyarta Chundung karɓo acca, ya kwashe tarkacen kaf, ya kai bayan gida ya cinna masa wuta.

Da ta dawo ta tsaya a ƙofar madafin, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Shu'aibu, ina ɗan gwangwanin nan mai jan ƙyalle?"

Ya ce, "Wannan mai tsatsar? Inna, na ƙona. Oga zai zo, so kike a ce a bola muke kwana?"

Ta zame ta zauna a ƙasa. Chundung da ta rako ta ta dafe ƙirji ta ce, "Kai yaro, ka san me ka ƙona? Yajin babanka ne!"

Sati guda kafin babansa Gwadabe ya rasu, shekara uku ke nan, ya daka yajin da hannunsa, haɗin da bai taɓa koya wa kowa ba. Ya ce a ajiye, a barbaɗa a naman sunan ɗan Shu'aibu na fari. Kullum sai Tabawa ta buɗe ta shinshina kafin ta iya cin abinci. Matar Shu'aibu kuwa tana da cikin wata bakwai.

Shu'aibu ya ruga bayan gida ya tona tokar da hannu, ya tarar da gwangwanin ya yi baƙi, babu komai a ciki.

Daga ranar Tabawa ta rage cin abinci. Shu'aibu ya bi mahautan Abattoir ɗaya bayan ɗaya yana sayen yaji. Duk wanda ya kawo sai ta shinshina, ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta ajiye gefe. Wallahi da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Zazzaɓin kwana huɗu ya same ta ba ƙarfi a jiki. Ta rasu saura sati biyu matarsa ta haihu.

Ranar suna aka gasa rago, jama'a na ta ci, shi Shu'aibu ya kasa kai ko loma baki. Ya sulale ya shiga madafin. Can bayan murhu ya ga ƙwarya a rufe da faifai, cike da sabon ƙanzo.

Chundung ta leƙo ta ce, "Kai take tara wa. Ta ce aikin gwamnati ma yana iya tsayawa, kada ɗanta ya kwana da yunwa."

Shu'aibu ya durƙusa ya rungume ƙwaryar yana kuka kamar yaron goye, ana ta guɗa a tsakar gida.

Darasi: Kafin ka kira ajiyar iyayenka shara, tambaye su me ke ciki. Wani abin idan ka ƙona shi, ko ka zagaye duk kasuwannin duniya ba za ka samo irinsa ba. Ku tura wa duk wanda mahaifiyarsa ke raye, ya je ya zauna da ita a madafi yau.